Jita, Jan-baki da Shinkafar Kawu Manu

Shekaranjiya na ɗauko wani fasinja a mashin daga Birnin Kebbi zuwa Ambursa. Muna cikin tafiya sai ya dafa kafaɗata ya ce in dubi gabas. Na rage wuta. Can bisa fadama wani baƙin abu ne ke naɗewa yana warwarewa, kamar hayaƙin taya in an cinna mata wuta. Ya ce, "Hadari ne, yanzu?" Na ce mashi ba hadari ba ne, jan-baki ne, ƙananan tsuntsayen nan masu cin shinkafa. Baƙo ne, bai san su ba.

Da na sauke shi ban juyo gari ba. Na kashe mashin na zauna bakin hanya. Irin zafin nan ne na ƙarshen damina, ruwan sama ya ɗauke amma ƙasa ba ta bushe ba, laka na dahuwa tana wari, riga ta manne maka a baya. Masu gona sun ɗaɗɗaura ledoji a sanduna, wani yana ta dukan tsohon faranti. Warin lakar nan shi ya ɗauke ni ya mai da ni daminar da ta biyo bayan yanke mana jiha daga Sakkwato.

Lokacin ni ba ni da aikin fari balle na baƙi. Makaranta na aje ta tun aji biyu na sakandare. Ba kora ta anka yi ba, zama ne ba na iyawa. An kai ni wurin tela na gudu, an kai ni wurin mai faci na gudu. Inda na ɗan daɗe shi ne wurin mai gyaran rediyo, shi ma don akwai sauti ne, kuma can na harhaɗa wata ƙaramar rikoda daga gawarwakin rikododin mutane. Garin kuwa ya cika da baƙi, ma'aikata sun taso daga Sakkwato da katifu bisa motoci, kowane zaure an sa mashi ƙyaure an ba da haya.

Cikin baƙin akwai wani ɗan bautar ƙasa daga Kudu, muna ce mashi Oga Sande, ɗakinshi na kallon ƙofar gidanmu. Da la'asar yakan fito da jita ya zauna bisa benci. Ba irin kiɗan rawa yake yi ba. Wani kiɗa ne mai nauyi, yana tafiya yana jan ƙafa, kamar mutumin da ya dawo daga jana'iza bai ci abinci ba. Ya ce mani sunanshi buluz, na baƙaƙen Amurka ne. Ni dai ranar da na fara jin shi na manta da aiken da anka yi mani. Da ya gama hidimarshi zai tafi, mota ta cika, sai ya miƙo mani jitar, wuyanta a tsage an ɗaure da waya, da wani littafin koyo na Turanci, da kaset guda wanda ba ko rubutu a jikinshi.

Baba malami ne, yana karantarwa a zaure da safe, da hantsi ya tafi rumfarshi ta yadi. Gidanmu ba a taɓa yin makaɗi ba, ko a dangin nesa. Na ɓoye jitar bayan tulin itace, amma jita ba allura ba ce. Wata rana na ɗago kai sai ga shi tsaye yana kallon yatsuna. Na jira mari, na jira faɗa. Bai ce uffan ba, ya juya. Wannan shirun shi ya fi tsorata ni, don na san Baba: in ya yi faɗa magana ta ƙare, in ya yi shiru yanzu ta fara.

Washegari ya ce, "Nasiru, kawunka Manu na bukatar hannu bana. Ka shirya."

Na naɗe jitar cikin tabarma, na ɗaure da igiya, rikoda da kaset da littafin kuma na cusa su cikin buhuna. Ya ga tabarmar ta yi ciki, bai tambaya ba. A tasha kuma ya ja direban gefe, mutumin ƙauyensu Kawu ne, sunka yi ƙus-ƙus, direban na gyaɗa kai yana satar kallon tabarmata. Tun daga nan na ce a raina: an ba da saƙo. Abin da Baba bai so ya yi da hannunshi, Kawu zai yi mashi.

Kawu Manu yayan mahaifiyata ne, yana wani ƙauye bayan Argungu, bakin gulbi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, maganarshi ba ta da yawa. Abin da ya dame ni da shi kallo ne. In ya dubi abu, auna shi yake yi, yana neman aikin da zai sa shi. A gidanshi ba abin da ke mutuwa: tsohuwar taya ta zama takalmi, fasasshiyar tukunya ta zama mashayar kaji, yagaggen gidan sauro ya zama ragar kamun ƙananan kifi. Da na kwance tabarma ya daɗe yana kallon jitar. Na ce shi ke nan, yana lissafin ko za ta dafa tuwo.

Ɗanshi Arzika, taubashina, tsarana ne, shi kam bakinshi ba ya rufuwa.

"Inna, fito ki gani! Ɗan birni ya zo da amaryatai naɗe cikin tabarma. Ga wuya har wuya, ga ƙugu, sai dai ciki ba hanji."

"Ta fi ka amfani," na ce. "Ita in an taɓa ta daɗi ka hita."

Inna Kulu, matar Kawu, ta leƙo daga madafa tana dariya. "Ku bari ya sha ruwa tukun. Ɗan malam, wagga ita ce allon naka?"

Ruwa ya yi jinkiri a shekarar. Mun watsa shinkafa a busasshiyar ƙasa muna jira, sama fari fat, iska mai zafi kamar an buɗe tanda. Geron da anka shuka a tudu ya tsiro ya tsaya, ganyenshi ya naɗe. Kullum da yamma hadari ya haɗu gabas, mu fito muna kallo, ya yi ta ruri ya watse. Da ruwan ya tashi zuwa kuma sai ya zo gaba ɗaya. Munka shiga cirar ciyawa, ruwa har gwiwa, matsattsaku na manne wa ƙwauri, sauro ba ya jiran magariba. Tun asuba muke fita, Kawu gaba, ni da Arzika baya. Sai rana ta take Inna Kulu ta aiko da fura.

Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kowa ya miƙe ƙarƙashin ɗorawa, nan nake buɗe littafina. Turancin ciki bai dame ni ba, don ba na jin rabinshi. Zane nake bi: layuka shida, da ɗige-ɗige inda za ka aza yatsa. Na yi kwanaki ina karanta zanen a kife, ina danna wayar sama a madadin ta ƙasa, ina zargin Oga Sande ya ba ni littafin banza don ya rage kaya. Sai da na lura da hoton hannun da ke shafin farko na gane ni ne a kife. Yatsuna kuwa sun jiƙa a ruwan fadama sun yi laushi, waya na shiga cikinsu kamar wuƙa cikin kabewa.

Amma malamina na gaskiya kaset ɗin nan ne. Wani tsoho ne a ciki, shi kaɗai da jitarshi, muryar kamar ya sha hayaƙi, yana buga ƙafa a ƙasa tana ba shi kiɗa. Akwai wani wuri da yake tura waya da yatsa har ta yi kuka, ta tashi sama, sannan ya sake ta a hankali ta sauko. Littafin ya nuna wurin da 'yar kibiya mai lanƙwasa, amma kibiya ba ta gaya maka yadda kukan yake. Sai kunne. Ga batir ba ya samuwa. Waɗanda nake da su nakan shanya su bisa rufin rumbu su sha rana, in ɗan cije su da haƙori, su ba ni abin da ya sawwaƙa kafin muryar tsohon ta fara ja kamar mai maye. Mayar da kaset baya kuwa ba na barin rikoda ta yi, da biro nake juya shi.

Sai gulbi ya kawo. Ba ruwanmu ba ne, daga can sama ya taho, ja wur, ɗauke da kara da matattun awaki. Muna tsaye bisa tudu muna kallo ya shanye gonakin kwari ɗaya bayan ɗaya. Shinkafa takan bi ruwa ta yi tsawo in ya zo a hankali, amma wanga bai ba ta lokaci ba. Cikin gonakin Kawu guda ta tsira, wata ƙarama da ke inda ƙasa ta ɗan tashi, yana ce mata 'Yar Auta. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "To. Abincin gidan ga na bana, ga shi can."

Daga nan tukunya ta fara raguwa. Tuwo ya koma sau ɗaya, fura ta yi ruwa har kana ganin fuskarka cikin ƙwarya. Inna Kulu na shiga jirgi da matan unguwa su cire bado, a shanya, a daka, a dafa. Ana cin shi ne don ciki ya yi shiru, ba don baki ba. Tafasa da ɗan ƙuli, in an samu ƙulin. Arzika ya bar gona ya koma kamun kifi gaba ɗaya, don abin da ragarshi ta kamo shi ne miya. Na san yunwar da ke sa in ka miƙe tsaye ka ga taurari da rana tsaka.

Kuma mutane sunka fara kallona. Akwai wani dattijo, Nomau, mai gona kusa da 'Yar Auta, shi ya fara faɗa a fili. Ya same ni ina lalubar kukan wayar nan, ya tsaya ya karkata kai.

"Yaro, wa ya koya maka wanga?"

"Na Amurka ne, Baba Nomau."

"Amurka ta ina? Ni za ka gaya ma? Wanga kiɗan masu garaya ne, na san shi tun kan a haifi uwarka. Kiran mutanen ruwa ne. Kai ta kira, kai ta kira, ga shi sun amsa."

Ya tofar da yawu ya wuce. Daga ranar in na bi ta bakin gulbi sai hira ta tsaya. Ni ma na koma ba na yarda da kowa. In zan shiga wanka sai na rataye jitar inda nake ganinta. In Inna Kulu ta ce itace ya ƙare, sai in ji kamar da ni take.

Wata rana rikodar ta cinye zaren kaset. Na buɗe da sauri ina jawo shi a hankali, yana fitowa yana taruwa bisa cinyata, rana na dukanshi yana walƙiya. Sai na ji inuwa a kaina. Kawu ne.

"Duk wanga cikin ɗan abin ga yake?"

"I, Kawu."

"Shina da tsawo?"

"Sosai."

"Ya kai daga nan zuwa masallaci?"

"Ya wuce."

Ya kai hannu ya ɗan ja shi tsakanin yatsu biyu, ya sake. Ya ce, "Hm." Ya tafi. Na bi bayanshi da kallo ina cewa a raina, wato ya gane nan ne ran abin yake.

Ruwa ya fara janyewa, 'Yar Auta ta yi ciki, ta fidda kai. Ƙwayar na nan ruwa-ruwa, in ka matsa ta fito fari kamar nono. Lokacin da jan-baki ke so ke nan. Da yake gulbi ya cinye sauran gonaki, duk tsuntsun da ke ƙasar nan ba shi da wurin zuwa sai 'yan gonakin da sunka rage. Ranar da sunka fara sauka, ƙarar fikafikansu kamar ruwan sama bisa kwano.

Kawu ya kafa rumfa mai dogayen ƙafafu a gefen gonar, ya ja igiyoyi daga rumfar zuwa cikin shinkafa, ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Ya ba ni majajjawa da tulin curin laka. Shi yana can gefen yamma da ƙafa, yana ihu yana jifa, ni ina bisa rumfa ina jan igiya. Daga fitowar rana har faɗuwarta. Sallah ma bi da bi muke yi. Ka ɗauke ido kamar shan ruwa, an sauka an tashi, zangarniya ta koma ƙaiƙayi.

Sai na yi dabara. Na ɗaura uwar igiyar a babban yatsan ƙafata. Tsohon cikin kaset da ƙafa yake ba kanshi kiɗa, to ni ma haka: ƙafa na bugawa, gwangwanaye na kaɗawa, hannuwana na kan jita. Wallahi ranar farko na ji kamar ba wanda ya kai ni wayo a ƙasar Kabi. Kiɗan ma ya fi zama, don a nan na fara jin yadda yake tafiya. Har Arzika da ya biyo da jirgi ya tsaya yana dariya.

"Kai, taubashi! Biki kaka yi masu? To ka aje masu goro mana."

Bakinshi ya kama. Bayan 'yan kwanaki tsuntsayen sunka saba. Ina bugawa suna ci, wasu har bisa igiyar suke sauka tana lilo da su. Kawu ya zagayo ya tsaya ƙarƙashin rumfa, laka har cinya, muryarshi ta dushe don ihu.

"Cire igiyar ga daga ƙafarka."

Na cire.

"Tsuntsu ba shi tsoron abin da ya san lokacin zuwanshi. Ka ja ta kamar mahaukaci, ba kamar makaɗi ba."

Ya dubi jitar, irin kallon nan. Na koma ja da hannu. Duk da haka abin ya fi ƙarfinmu. Igiyarmu gajera ce, mafi yawanta ta ruɓe a ruwa, ba ta kai kusurwar arewa ba, kuma majajjawata ba ta isa can. Nan suke sauka. Kullum da yamma Kawu zai shiga wurin ya shafa zangarniya, ta murmushe a hannunshi ba komai. Kullum farin wurin na ƙara faɗi yana matsowa tsakiya. A gida Inna Kulu ta daina tambayar yadda anka yini, fuskarshi kawai take kallo.

Ranar wata Juma'a da hantsi sai ya ce mani, "Sauko. Tahi Argungu ka yi sallah, ka huta. Arzika na kama mani yau. In ka samu batir ka saya."

Kawu Manu, a tsakiyar jan-baki, yana ce mani in huta? Har da batir? Na ce yau ce ranar. So yake in ba da baya a sa jitar a murhu. Na yi kamar na ji daɗi. Na biya gida na naɗe ta cikin tabarma, na goya ta a baya. Inna Kulu ta ce, "Da ita za ka masallaci?" Na ce wani zai duba mani wuyanta. Rikodar na tura ta ƙarƙashin gado, tun da ba batir, wa zai kula ta? Na taka har Argungu cikin ranar nan, tabarma na ƙona mani baya, na jingine ta wurin wani mai shayi na yi sallah, rabin hankalina na waje. Na samo batir na dawo ina jin na ci Kawu da wayo.

Na jawo rikoda, na zuba batir, na danna. Shiru, sai ƙarar injin yana juya iska. Na buɗe. Ba kaset.

Na zazzage buhuna, na ɗaga gado, na kakkaɓe tabarma. Na fito tsakar gida sai ga Arzika yana wanke ƙafa.

"Ina kaset ɗina?"

"Na ci shi da manja."

"Arzika, ba wasa nake ba. Tun yaushe kake cewa za ka kai a ɗora maka waƙar 'yan dambe a kai? Fito da shi!"

"Kai, sake mani riga. Ni da rikodar ma ban da ita?"

"To Nomau ka ba, ya jefa gulbi!"

Inna Kulu ta aje muciya. "Nasiru, sake shi. Ba shi ba ne, ba Nomau ba ne. Tahi fadama, kawunka na can."

Ban san lokacin da na isa ba. A hanya na gama shirya komai: zan gaya mashi abin da ke raina, in ɗauki jitata, in bar masu gonarsu, tsuntsaye su cinye har kara. Su Kawu in sun ga dama su ci bado har baɗi.

Tun daga nesa na ga gonar ta canja. Rana ta karkata, kuma bisa shinkafar wani abu na ƙyalli, ya ɗauke nan ya kama can, kamar an watsa wuta siririya. Na matso. An kakkafa sanduna a kusurwar arewa har zuwa tsakiya, an ja zare daga wannan zuwa waccan, an ɗan murɗa shi don iska ta riƙa juya shi. Baƙi-baƙi, ja-ja. Sai na ji sautin: iska na bi ta jikinshi yana wani gurnani siriri, ya tashi, ya sauka, ya yi shiru, ya sake tashi inda ba ka zata ba.

Kawu na zaune gindin rumfa, fasasshen gidan kaset ɗin na gefenshi, ba komai ciki.

"Kawu, mi ka yi mani?"

"Abin da kag gani."

"Shi ke nan gare ni! Ba wani irinshi a ƙasar ga duka! Ko sunan mai waƙar ban sani ba!"

"Na sani."

"Ba sai ka tambaye ni ba?"

"Da na tambaye ka, ka ba ni?"

Na dubi fasasshen gidan kaset ɗin.

"To," ya ce.

"Baba ne ya sa ka. Na gan shi da direba. Tun ranar na sani."

"Awo, ya aiko. Yac ce in ƙone molon. Wata nawa ke nan? Ka ga na ƙone?" Ya nuna gonar da haɓa. "Na dibe ta na sake dibawa, itace ne da waya, ba ta korar tsuntsu. Wanga na kora. Ban tsinka shi ba sai inda sanda ta tilasta. Kai ka san ɗinkinshi, na ga kana yi. In kana so, ga shi nan, kwance abinka."

Na shiga cikin lakar. Na kai hannu na kama zaren a sandar farko. Yana rawa tsakanin yatsuna, da ɗumin rana a jikinshi. In na kwance yanzu, kafin ya sha rana da raɓa, zan iya naɗe shi da biro, in liƙe inda anka yanke, tsohon ya dawo. Na fara lalubar ƙullin.

Sai na ji su. Daga wajen gulbi sunka taso, baƙi ƙirin, sun rufe rabin sama, sunka nufo kusurwar arewa inda sunka saba. Kawu bai tashi ba, bai yi ihu ba, ko igiya bai taɓa ba. Sunka sauko har ina jin iskar fikafikansu a fuska. Zaren ya juya, ya watsa masu rana a ido, ya yi gurnaninshi. Garken ya dare biyu kamar an sa wuƙa, ya haɗe can sama, ya zagayo, ya sake gwadawa, ya sake darewa. Sannan ya wuce.

Hannuna na kan ƙullin. Cikina ya yi ƙara, don tun kunun safe ban sa komai ba. Na sake shi na fito.

"Gobe a matsar da sandunan," in ji Kawu. "In sun zauna wuri guda, su ma za a saba da su."

Haka munka yi har shinkafa ta nuna. Kullum da safe mu tuge sanduna mu canja masu wuri, ni na koma rumfa da igiyata. Nomau da kanshi ya zo yana zagaya gonar, ya ce ko akwai saura a sam mashi. Na ce, "Na mutanen ruwa ne fa, Baba Nomau." Ya ce, "Yaro, ana maganar abinci kana maganar banza."

Ranar da anka yanke, na bi sanduna na tattara zaren, na naɗe, na liƙe. Ya yi fari, ya miƙe, ya yi kaushi. Da na danna sai shuuu, kamar ruwa bisa ciyawa. Can cikin shuuu ɗin, wuri guda, kamar mutum na magana daga ƙarƙashin gulbi, sai ya nutse. Shi ke nan.

Da yamma Inna Kulu ta tuƙa tuwon sabuwar shinkafa da miyar kifi. Munka ci sai da akushi ya koma fes. Kawu ya wanke hannu ya jingina da bango.

"Ɗauko molon. Kaɗa muna abin da ke cikin zaren, mu ji mi tsuntsayen ga sunka ji."

Na kaɗa abin da ya rage a kaina. Inda na manta na cike da abin da ya zo hannu. Da na iso wurin kukan nan na tura waya, ta tashi, na sake ta a hankali. Ban sani ba ko na tsohon ne ko na iskar fadama ne, kuma ba mai iya gaya mani. Arzika ya ce, "Amarya ta yi magana." Kawu ya ce, "Hm."

Da zan koma Birnin Kebbi ya ɗora mani rabin buhu ya ce in kai wa Baba. Jitar ya ce in bar ta rataye cikin rumbu, duk ran da na zo tana nan. Na daɗe ina kallonshi kafin in yarda. Baba ya ga na shigo ba tabarma mai ciki. Da anka kawo tuwo ya ci, ya ƙara, sannan ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Kiɗan fa?"

Na ce, "Ya ƙare a fadama."

Ya ce, "Madalla. Shinkafar Manu ta yi daɗi bana."

Yanzu waya na aljihuna, ba irin buluz ɗin da ban saurara ba a ciki. Tsofaffi masu buga ƙafa sun fi a ƙirga, na bi su ɗaya ɗaya, ban samu nawa ba. Shekaranjiya a bakin hanyar Ambursa na ɗan jima ina kallon ledojin nan, ba ƙyalli, ba sauti, tsuntsaye na sauka kusa da su hankali kwance. Na sauka na je wurin mai dukan faranti, yana ta buga shi tiƙ, tiƙ, tiƙ, daidai wa daida. Na ce, "Malam, ba haka ba. Buga shi kamar mahaukaci."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi mashin ɗina, ya jawo farantinshi ya rungume.